Lambar da Gara Ta Bari

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mahaucin da nake sayen nama wurinsa sai da ya ce wai da gaske ne can ba a karya kumallo sai rana ta take? Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na ba da labarin sai na tsallake wani abu. To ga shi na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a Sakkwato, shekara ashirin da shida ina fama da alli. Mahaifiyata, wadda muke kira Yumma irin kiran can, haifaffiyar wani ƙauye ce kusa da Rusairis. Babanmu ya auro ta a hanyarsa ta dawowa daga Makka, tun daga nan ba ta sake taka ƙasar ba. Yanzu ido ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Ƙanwarta ɗaya ce ta rage a can, Inna Zainabu, ita ce ta bugo waya tana kuka.

Ga abin da ya faru. Kakansu Malam Usmanu yana cikin mutanen da suka bar ƙasar Sakkwato suka yi gabas zamanin zuwan Turawa. Ya sari gona a bakin kogi, ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyar, mata uku. Autan mazan shi ne Bello, mahaifin Yumma da Inna. To sai wani Abdurrahim, jikan babban wan Bello, ya tayar da magana cewa Bello ba ɗan Malam Usmanu ba ne, ɗan wata mahajjaciya ce da ta rasu a hanya aka riƙe shi. Wai gonar da Inna take nomawa aro aka ba ubanta don tausayi, ba gado ba ce, yanzu kuma masu abu suna son abinsu. Inna ba ta da ɗa namiji a raye, daga gonar nan take ci, kuɓewarta da albasarta da gyaɗarta. An sa ranar zama gaban fakin gari, wato malaminsu, nan da mako uku.

Yumma ta ji, ta yi kwana biyu abinci ma sai ta taɓa ta ture. A rana ta uku ta ce in je in zauna kusa da Zainabu, kada a kore ta ba kowa nata a gefenta. Ba ni da hujja ko ɗaya, ban san komai a kan gonar ba. Haka na haɗa kaya. Wannan kafin ƙasar ta faɗa cikin yaƙin nan ne, Allah Ya kawo musu ƙarshensa.

Jirgi na hau daga Kano. A filin jirgin Hartum aka buɗe jakata, jami'in ya ci karo da ƙullin daddawar da Yumma ta ce lallai in kai wa 'yar'uwarta. Yana kwancewa ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira abokin aikinsa, suka tsaya suna dubana suna duban ƙullin. Larabcina na Islamiyya ne, ban taɓa sanin yadda ake cewa kalwa ba, sai nuna baki nake yi ina cewa abinci, abinci. Wata mata mai shara da ke gefe ta ɗago kai, ta ce da Hausa tsantsa, "Ke, daddawa ce? Bari in gaya musu." Ta yi musu bayani, suka yi dariya suka ɗaure mini kayana. Na ɓallo mata curi biyu, ta karɓa hannu bibbiyu tana shinshinawa.

Na sauka a wani masauki da suke kira lakwanda, ɓangaren mata. Ɗaki a wurinsu na ajiye kaya ne kawai, gadajen igiya suna jere a tsakar gida, can kowa yake kwana saboda zafi. Washegari na yi abin kunyar da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Takardar motata ta ce ƙarfe shida da rabi, ni kuwa na karanta bakwai da rabi, don shidan Larabci kamarsa ɗaya da bakwai ɗinmu na boko. Na sani fa, tun ina yarinya na sani, ido ne ya bi abin da ya saba. Na iso tasha da kwalliyata, babbar mota ta yi awa guda da tashi. Malamar lissafi guda! Daga ranar na daina yarda da idona a kan lambobinsu, kowace na gani sai na sa an karanta mini.

Dole na bi ƙananan motoci, gari gari. A Kamlin muka tsaya da hantsi, yunwa kamar ta kashe ni, don tun asuba shayi kawai aka ba ni. Ashe lokacin ne suke karya kumallo, wajen sha ɗaya. Wasu mutane da ban taɓa gani ba suka ja ni gaban wani babban faranti na wake da man riɗi, suka hana ni tashi sai da na ci na ƙoshi. Mai shayin wurin, Hajja Kaltum, tana jin na ce bismillah da bakin Hausa ta ajiye mafici ta rungume ni. Kakanninta Gobirawa ne, ita ko iyakar Sudan ba ta taɓa gani ba, amma ta tambaye ni ya mutanen gida kamar jiya ta baro su. Ta dafa mini gahawa mai citta a ɗan tulun ƙasa, jabana suke ce mata, na sha na ji kaina ya buɗe.

Bayan mun wuce Madani motar ta fara tari, a Wad Haddad ta mutu gaba ɗaya. Nan ƙasar auduga da dawa ce, hanyoyin ruwa a miƙe har iyakar gani. Wani dattijo a cikin fasinjoji ya kai ni unguwar Hausawa masu aikin gona, ya damƙa ni hannun matarsa. Aka kawo kisra, wata waina ce ta dawa, siririya kamar takarda, mai tsami. Na rasa ta inda zan kama ta, na naɗe ta ina gutsura gaya, 'yan matan gidan suna ƙunshe dariya. Uwarsu ta tausaya mini ta tuƙa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, na sa musu daddawar Inna kaɗan, Allah Ya yafe mini. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne 'yan matan nan, ina yi musu Hausa suna ji sarai, amma amsa sai da Larabci. Uwar ta ce haka suke, a gona Hausa, a makaranta da waya Larabci.

Daga nan sai Sinnar, sai Singa, sai Damazin, muka haye kogi zuwa Rusairis, na hau keke mai ƙafa uku zuwa ƙauyen. Ban buƙaci a nuna mini Inna ba. Wata tsohuwa na gani a ƙofar gida, ta karkatar da kai gefe guda yadda Yumma take yi in tana sauraro, sai na nufe ta. Ta shafa fuskata, ta kira sunan Yumma na yanka, ta ce, "Ɗiyar Hajo ce wagga." Muka yi kuka mai isarmu, sannan ta yi mini faɗan rashin ƙiba.

Kwana tara na yi kafin ranar zama. Kullum da safe muna gangarawa gonar, tana nuna mini inda ubanta ya dasa lemo, inda ruwa yake kaiwa in kogi ya cika. Ta ce rabuwa da gonar zai yi mata ciwo, amma akwai abin da ya fi shi. Abdurrahim a bayanta ya girma, tun yana rarrafe Goggo yake ce mata. Tun da maganar nan ta taso ya koma ce mata Hajja, yadda ake kiran kowace tsohuwa a kasuwa.

Ranar zama aka taru a rumfar gidan faki bayan karin kumallo, maza a gaba bisa tabarmi, mu mata a baya jikin zana. Na zo da niyyar in tsani Abdurrahim, sai na tarar da mutum mai natsuwa, dogo, manomin ayaba, yana magana rabi Hausa rabi Larabci ba ya ɗaga murya. Ya ce shi daga bakin kakarsa ya ji, kuma ba ya son ya ci haƙƙin kowa, ba ya son a ci na 'ya'yansa. Wannan ya fi ba ni haushi, da zagi ya yi da na san abin da zan yi da shi.

Faki ya tambayi Inna ko tana da hujja. Ta ciro wani ƙullin tsumma daga cikin mayafinta, wanda ko ni ba ta nuna mini ba. Takardar rabon gonar ce, wadda mahaifin fakin ya rubuta shekaru arba'in da suka wuce, ubanta ya bar mata. Amma gara ta gama da ita. Sunaye sun tafi, gidajen jadawalin sun tafi, abin da ya rage bismillah ce a sama da wata doguwar lamba a kusurwa. Faki ya gane rubutun mahaifinsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce da baƙin ciki wannan takarda ba ta shaidar kowa, tunda ba suna.

Daga bayan zana na tambayi wace lamba ce wannan. Wasu suka waiwayo suna mamakin baƙuwa mai baki, amma faki ya amsa mini da mutunci. Ya ce ba a raba gonar ba sai da shida daga cikin magada suka rasu, kowa ya bar nasa magadan. A irin wannan, malami yakan nemo lamba ɗaya babba da za a yanka gonar gida-gida da ita, yadda rabon kowa zai fita cif ba karaya. Ana ƙirga namiji kai biyu, mace kai ɗaya. In an cire sumunin matan mamaci, wato kashi ɗaya cikin takwas, kashi bakwai da suka rage ba su rabu a kan kawunan 'ya'ya ba, sai a ninka lissafin duka da yawan kawunan. Mamaci na gaba ma haka, a ninka a kan na farko, har a gama.

Ai kuwa sai na gane. Abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya ne, duk lambar da aka gina da ninki, abin da aka ninka yana nan a cikinta, ba ya fita. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce in da Bello, maza biyar mata uku, kawuna sha uku ke nan, in babu shi kawuna sha ɗaya. Faki ya ce haka ne. Na ce bakwai ba ta rabuwa a kan sha ɗaya, ba ta rabuwa a kan sha uku, to dole marigayi ya ninka da ɗaya daga cikinsu. Ya ce dole.

"To a raba lambar," na ce. "In sha ɗaya ta raba ta, ni da kaina zan kwashe wa Inna kayanta daga gonar. In sha uku ce a ciki, kowa ya san abin da ya rage masa."

Sai da na rufe baki na tuna ban ma san lambar ba. Daga inda nake ban iya hango ta, ko na hango ban yarda da idona ba. Inna ta kama wuyan hannuna. Wallahi tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. An aiko ni in zauna kusa da ita kawai, ga shi bakina ya ɗora gonarta da sunan kakana a kan abin da ban gani ba. Abdurrahim ya ce ya yarda, ya ciro wayarsa ya ce zai riƙa bin lissafin.

Faki ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, Abdurrahim yana leƙawa ta kafaɗarsa, ni ina rubutawa da tsinke a ƙasa. Ta fito 274,959,360. Miliyan ɗari biyu da saba'in da huɗu da ɗoriya, a kan gonar da za ka zagaye kafin shayi ya huce. Wani tsoho ya ce ko ƙasar gonar aka ƙirga ƙwaya ƙwaya ba ta kai haka ba, aka yi 'yar dariya, ban da ni.

Na ce musu zan ɓare ta ne kamar albasa. Sha ɗaya da sha uku lambobi ne masu taurin kai, ba abin da yake raba su sai ɗaya da su kansu, saboda haka ba za su ɓuya cikin biyu ko uku su fice ba, duk wadda take ciki za mu tarar da ita a ƙarshe. Na raba biyu, na sake raba biyu, har sau goma, ta tsaya a 268,515. Na koma uku, ta ba ni sau biyar, ta sauko 1,105. Biyar ta shiga sau ɗaya. Kowane mataki sai na jira Abdurrahim ya duba waya ya ce tamam. Abin da ya rage a ƙasa ɗari biyu da ashirin da ɗaya.

Ina ganinta na san amsar, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka don daɗi. Amma na kame bakina, karo na farko a ranar. In na faɗa, maganar baƙuwa ce, gobe wani zai ce boko ta yi musu. Na ce a kawo gyaɗa ɓararriya. Wata maƙwabciya ta ruga gidan Inna ta ɗebo a ƙwarya, gyaɗar gonar da ake magana a kanta. Faki ya ƙirga ɗari biyu da ashirin da ɗaya a kan tabarma, na ce Abdurrahim ya jera su sha ɗaya sha ɗaya da hannunsa.

Ya durƙusa da farar jallabiyarsa ya jera. Layi ashirin suka cika, ƙwaya ɗaya ta rage a tafin hannunsa. Ya rushe ya sake ƙirgawa ya sake jerawa, ɗayar nan ta sake ragewa.

Sai na ce Inna ta matso. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta shekara saba'in tana ƙirga iri. Ta fara jera sha uku sha uku, mata suka taso daga bayan zana suka tsaya a kanta, ba wanda ya hana su. Da ta kai layi na sha bakwai ta ajiye ƙwaya ta ƙarshe, ta shafa tabarmar tana neman saura. Babu.

Abdurrahim bai sallama nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce wataƙila sha ukun daga gidan wani cikin mamata shidan ta fito. Faki ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi suna tuna masa 'ya'yan kowa, ba gidan da ya ba da sha uku. Ya ƙara da cewa ko da an samu, ina sha ɗayar da ya kamata a gani in maza huɗu ne? Sannan ya nuna layukan ya tambayi wane gida ne mai kawuna sha bakwai. Wata tsohuwa ta ce gidan Malam Sambo ne, maza shida mata biyar. Malam Sambo shi ne kakan Abdurrahim.

"Ka gani, ɗana," in ji faki. "Alƙalamin da ya ƙirga ubanka shi ya ƙirga ubanta. Ga ku nan a tabarma ɗaya, sha bakwai ta tsaye gidanku, sha uku ta kwance gidan kakanku duka."

Abdurrahim ya dubi gyaɗar. Sannan ya ja gwiwa ya matsa gaban Inna, ya kama kanta ya sumbata yadda suke yi wa manya, ya ce, "Goggo, ki yafe mini." Inna ta ce ya ja baya yana take mata iri. Aka fashe da dariya, ita kuwa hawaye yana bin kumatunta, hannunta yana kan wuyansa ba ta sake shi ba.

Da yamma a gona ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tun suna 'yan mata ita da Yumma suka ji wannan magana a bakin wata mata wurin wanki, suka dawo gida ba wadda ta ce da 'yar'uwarta komai, ba kuma wadda ta iya tambayar uba. Takardar nan shekara da shekaru tana cikin akwatinta da sunayenta lafiya lau, ta ƙi kai wa kowa ya karanta mata don tsoron abin da za ta ji, har gara ta riga ta. Ranar da zan taho Abdurrahim ne ya kai ni tasha, ya kuma karanta mini lokacin motar sau biyu, don labarin Hartum ya riga ya zaga gari. Inna ta ƙulle mini layi ɗaya na gyaɗar a bakin tsumman da takardar take ciki, ta ce in kai wa Hajo.

Na iso Sakkwato da azahar. Yumma tana zaune a kan tabarmarta, ta riga ta ji a waya cewa gona ta tsira, amma ba ta ji yadda aka yi ba. Na ba ta labarin tun daga daddawa har zuwa rumfar faki, ba ta katse ni ba. Da na gama na kwance tsumman na juye mata a tafin hannu. Ta lalubo biyu ta ajiye a kan cinyarta ta ce Baffa Sambo. Ta ajiye biyu, Baffa Umaru. Biyu, Baffa Aliyu. Biyu, Baffa Haruna. Ta ajiye ɗaya ɗaya har uku tana kiran goggonninta, sunayen da ban taɓa ji a bakinta ba. Biyu suka rage a hannunta. Ta juya su da yatsa ta sake juyawa, ta rufe hannun ta kai ƙirji.

"Baba," in ji ta.

Sannan ta tambaye ni ko akwai sauran tuwon rana.